Rufin Sahun Ƙasa

"Kai ne, Pirmet! Kai ka kashe sahun ƙasa, sannan ka sace mini dutse."

Maganar ta faɗo tsakiyar dattawan Ƙwanhur kamar an watsa musu garwashi a cinya. Suna zaune ne a kim, dandalin duwatsun da ke bakin masallaci, inda maza kaɗai ke yanke shawarar gari, kuma tun da kakanni suka kafa ƙauyen ba a taɓa jin mace ta taka wurin ba. Ga ta kuwa a tsaye, tsohuwa busasshiya cikin bargon makiyaya, ƙafafu a naɗe da tsumma, ta miƙe sanda tana nuna ƙirjin Mai Gari.

Pirmet ya gyara zaman hularsa ta fatar rago, ya kai dubansa sama da kanta. "Wace ce wannan? Wa ya bari ta shigo?"

"Ka fi kowa sanina. Selminaz ce, matar Balamet, wadda ka yi rarrafe a kan rufinta. Ni za ka duba, bar kallon girgije."

Kim ya ɗauki guna-guni. Wasu suka sunkuyar da kai, don sun gane muryar ko da fuskar ta ɓace musu.

Wanda bai san Ƙwanhur ba ba zai gane nauyin wannan zargi ba. Ƙauye ne na ƙabilar Lezgi da ke manne a ƙirjin tsauni, can sama da kogin Samur, yana fuskantar dutsen Shalbuz mai farin kai. Babu shimfiɗaɗɗen wuri, saboda haka aka gina gidajen sahu bisa sahu kamar matakala, rufin na ƙasa shi ne tsakar gidan na sama. Rufin kuwa ƙasa ce a kan azara. Duk sa'ad da aka yi ruwa ko ƙanƙara ta narke, dole a hau a mirgina dutsen daɓe, wani dutse mai kama da turmi a kwance, har ƙasar ta sake haɗewa. In aka yi sakaci ruwa ya ratsa, azara ta ruɓe, gida ya zauna. Kowane gida da dutsensa, ana gadonsa yadda ake gadon takobi. Sahun ƙasa kuma shi ne ganuwar gari, domin bayan gidajensa ba taga ba ƙofa, bango ne guda a miƙe yana kallon hanyar da ke hawowa daga kogi.

Raunin Ƙwanhur ɗaya ne, hunturu. In ƙanƙara ta binne ciyawa, tumaki ba su da wurin zuwa sai filayen gangare na bakin teku, filayen kuwa na Han Mirzabala ne, sarkin gangare. Wata shekara Han ya rufe hanya, ya ce tunkiya ko ɗaya ba za ta sauka ba sai an ba shi jinginar mutane, iyalai sukutum da za su zauna ƙarƙashin ganuwarsa. Pirmet, wanda garkensa ya fi na kowa yawa, ya zaɓi sahun ƙasa gaba ɗaya, don talakawa ne marasa dangi masu ƙarfi. Ya dafa dutsen rantsuwa a kim, ya ce hunturu ɗaya ne za su yi su dawo, kuma kafin su dawo kowa na sama zai daɓe rufin na ƙasa da shi kamar nasa. Gidan Pirmet shi ne babba a sahu na biyu, kuma rufin Selminaz ne tsakar gidansa.

Hunturun ya wuce, wani ya bi shi, har yaran da aka sauka da su a goye suka isa kiwo. Ba wanda ya zo ɗaukarsu. A bana da makiyaya suka koro tumaki zuwa gida, Selminaz ta yafa bargo ta shiga tsakiyar garke. Masu gadin Han ba su damu da ƙirga tsohuwa ba. Ta bar 'yarta Tawat da jikoki a can, ta hawo da ƙafarta, abin da ta fara gani kuma shi ne sahun ƙasa a zube, da dutsen daɓenta zaune a kan rufin Mai Gari.

Alƙali Abdulmejid, wanda gemunsa ya kai masa ciki, ya ɗaga hannu, ya kira ta da Hala, wato gwaggo, yadda ake kiran tsohuwa a garin. "Hala Selminaz, mun ji ki, kuma za a saurare ki. Amma ga manzon Han yana jira tun hantsi. Koma bayan dutsen iyakar kim ki zauna."

"Zama na gaji da shi, Alƙali. A tsaye zan ji."

Ta ja da baya taki kaɗan, ta dogara da sandarta. Aka shigo da manzo, dogon mutum cikin riga mai zaren azurfa, yana haki don hawan bai saba masa ba. Ya ƙi zama shi ma.

"Han Mirzabala, Mamallakin Filayen Hunturu, Mai Riƙe da Mabuɗin Teku, Inuwar Fatake, yana gaida dattawan Ƙwanhur. Ya ce ya ciyar da tumakinku shekara da shekaru bai taɓa yi muku gori ba. Yanzu yana da yaƙi a kudu. Yana son kowane gida mai samari ya ba da ɗa guda da bindigarsa, farawa da gidan Mai Gari. In kun bayar, hanyar hunturu a buɗe take. In kun ƙi, ɗansa Bek Eldar zai hawo ya ɗauka da kansa, mutanenku na jingina kuma za a sa su a jiragen fatake da zarar an gama girbi, ba za ku ƙara jin labarinsu ba."

Yarali Sarkin Yaƙi ya miƙe tun manzon bai rufe baki ba. Ƙato ne mai tabon takobi a kumatu. "Ya dattawa, kakanninmu ba su hawo nan don sun rasa ƙasa mai laushi ba. Sun hawo ne don kada wani ya kira su bayinsa. Tumakinmu suna sama, hatsinmu yana cikin rumbu, gada ɗaya ce a kan Samur. Bek ya zo. Za mu nuna masa bambancin hawa da sauka."

Wani dattijo mai suna Nurali ya yi gyaran murya. "Sarkin Yaƙi, zafi ba ya dawwama. In ƙanƙara ta sauko ina za mu kai tumakin? Kuma kun ga idon ruwan masallaci. Tun narkewar ƙanƙarar bana laka yake zubarwa, ja kamar an yanka rago a ciki. Ban taɓa ganin haka ba, ubana bai ba ni labarinsa ba."

"Jinin mutanen gangare ne yake nuna mana," in ji Yarali, samari suka yi sowa daga bayan dandali.

Kowa ya juya ga Mai Gari. Pirmet ya tashi a hankali, ya dafa wuƙar da ke ɗamararsa. "Na daɗe ina haƙuri da Han saboda zaman lafiyarku. Amma haƙuri yana da iyaka. Wanda ya miƙo hannu cikin gidajenmu zai ɗebi 'ya'yanmu, ya taɓa abin da ba a taɓawa. Manzo, koma ka gaya wa maigidanka Ƙwanhur ba ta ba da ɗa."

Dariya ta fito daga bayan dutsen iyaka, busasshiya kamar tari.

"Ƙwanhur ba ta ba da ɗa! Namu da kuka bayar 'ya'yan kare ne? Ranar da aka nemi namu cewa ka yi a yi haƙuri, tumaki za su mutu. Yau an nemi naka, ka tuna inda ka ajiye wuƙa."

"Hala, ki iya bakinki."

"Ban iya ba, ban kuma zo koyo ba. Ku gaya mini, ku masu gemu, in kun ƙi Han, 'yata fa? Jikokina fa? Matar Alisker makaho fa, da marayun gidan maƙeri?"

"In Allah ya ba mu nasara za mu karɓo su," in ji Yarali.

"Da wace ganuwa? Ku leƙa ƙasa mana. Kullum kuna wucewa ta kanta kuna kawar da kai."

Ba wanda bai sani ba. Hunturun farko an daɓe rufin. Na biyu an daɓe wasu. Daga nan kowa ya ga maƙwabcinsa ya bari, shi ma ya bari. Alƙali ya ce an yanke shawara, yaƙi ne, maganar Selminaz kuma sai ƙura ta lafa. Aka raka manzo zuwa gada.

Selminaz ta gangara gidanta. Ƙofar tana nan, ta tura ta da kafaɗa kamar yadda ta saba, don tun tana amarya ƙofar ke cijewa. A ciki sama ce rufi. Ciyawa mai ƙaiƙayi ta tsiro inda suke shimfiɗa darduma, bangon baya ya tsage ya zube rabi zuwa gangare. Azara guda ce ta rage a bisa murhu, sarƙar rataye tukunya kuma tana nan jikinta, ta yi tsatsa tana lilo a iska.

Ta zauna a bakin murhu, ta ɗaga kai. Ga Shalbuz nan, fari fat, daidai inda ta bar shi. A gangare ba a ganinsa sai ranar da iska ta share sararin sama, ranar kuwa duk mutanen sahun ƙasa sukan bar abin da suke yi su hau tudun shara na bayan ganuwar Han su tsaya suna kallo. Can ƙasa ruwa ɗumi ne mai wari, sauro kamar hayaƙi, zazzaɓi yana bin gida gida. Shi ya ɗauke jikanta Nawruz, ya ɗauke mijin Tawat, daga baya ya kwantar da Balamet. Balamet da ya sassaƙa dutsen daɓen nan da hannunsa shekarar aurensu, ya yi masa zanen ƙahon rago a gefe. Da ciwo ya ci ƙarfinsa ba abin da yake roƙo sai ruwan idon masallaci. Ta kan ɗebo na rijiya ta sanyaya a tulu ta ce ga shi an kawo daga gida. Ya kan kurɓa ya yi murmushi ya ce, "Selmi, ƙarya ba ta karɓe ki ba." An binne shi a ƙasa mai laushi wadda ba a buƙatar diga, kuma wannan ya fi komai ci mata rai, don mutumin dutse ne.

Ta tashi ta tuge ciyawar da hannu, ta share murhu, ta tattaro guntayen azarar da suka ruɓe ta hura wuta. Hayaƙi ya miƙe ta inda rufi yake a da.

Wata inuwa ta leƙo daga sama. Zarbaf ce, matar Pirmet, riƙe da gurasa da cuku a ƙyalle. Ta sauko ta tsani tana kauce wa idon tsohuwar.

"Hala, ki hawo wurinmu. Ba a kwana a kango."

"Gidana ne."

"Dutsen nan... namu ne ya tsage a hunturu na biyu. Ya ce aro ne, za a mayar. Na yi magana, wallahi na yi."

"Sau nawa?"

Zarbaf ta miƙa mata ƙyallen. Selminaz ta karɓi gurasar ta gutsira, ta daɗe tana taunawa, idonta a rufe. Sha'irin gida ne, da ɗanɗanon hayaƙin kashin tumaki. "Gishiri ya yi kaɗan," in ji ta. "Uwar mijinki ma haka take yi. Je ki."

Tun daga ranar nan wutar murhun ba ta mutu ba. Samari suka zo suka cusa ƙaya da duwatsu a inda bangon sahun ƙasa ya zube, Yarali ya duba ya ce ya isa, don ta gada da ƙofar gari maƙiyi zai zo kamar yadda ya saba zuwa tun zamanin kakanni.

Bek Eldar ya zo da safiyar wata Talata, rana ta fara taɓa kan Shalbuz. Aka ji ganguna a kwarin Samur, tutoci kore da ja suka cika bakin gada. Yarali ya kwashi mazan gari ya tare su a can, bindigogi suka yi ta amsa wa juna har hayaƙi ya rufe kogin. Amma manzon Han ba haki kaɗai ya yi a hanyarsa ta hawowa ba, ya buɗe ido. Gangunan gada na ruɗi ne. Bek da zaɓaɓɓun mayaƙansa sun ƙetare ruwa ta sama tun da asuba, suka biyo hanyar awaki a ƙafa, suka ɓullo daidai ƙarƙashin sahun ƙasa.

Matan da ke shanya ulu a rufi ne suka fara ganinsu. Kururuwa ta tashi sahu bisa sahu har masallaci. Mayaƙan suka sa ƙugiya suka janye ƙayar, suka fara hawa tarin duwatsun bangon da ya zube. A gabansu akwai Bek da kansa, saurayi mai sulke da jan rawani, takobi tsirara, yana kiran sunan ubansa. Mazan Ƙwanhur suna can ƙasa, ko sun juyo da gudu ba za su iso ba sai an shiga gari.

Selminaz ta hau tsani da ƙafafun nan nata masu tsumma. Ta ratsa gidan Mai Gari ba sallama, ta hau rufinsa. Ga dutsen, da ƙahon ragonsa a gefe. Ta dafa shi kamar mai gaida ɗan'uwa, ta sa kafaɗa. Bai motsa ba.

"Zarbaf! Zo ki mayar da aro!"

Zarbaf ta zo da gudu da matar ɗanta, su uku suka tura. Dutsen ya yi ƙara, ya mirgina, ya kai bakin rufi, ya yi ɗan jinkiri kamar mai tunani, sannan ya tafi. Ya daki tarin duwatsun da mayaƙan ke kai, tarin ya motsa gaba ɗaya ya zame da su. Matan sauran rufin da suka ga haka ba su jira umarni ba. Kowace ta kira maƙwabciyarta, duwatsun daɓe suka riƙa saukowa daga sahu na biyu da na uku, suna tsalle suna karya duk abin da suka tarar. Tuta ta faɗi. Masu hawa suka zama masu gangarawa, wasu da ƙafa wasu da ka. Da mayaƙan Han na bakin gada suka hango tutar Bek a ƙasa, suka juya da baya, Yarali ya kora su har hayin kogi.

Bek Eldar bai gangara da mutanensa ba. Zamewar ta jefa shi ta tsagar bango zuwa cikin gidan Selminaz, ƙafarsa ta karye a ƙarƙashinsa. Kafin ya farfaɗo samarin gari sun dawo, sun cika ƙofa da wuƙaƙe a zare. Bek kuwa wata mata 'yar tsauni ce ta shayar da shi yana jariri, ya san al'adar mutanen sama. Ya ja jiki zuwa murhu, ya miƙa hannu ya kama sarƙar tukunya, duk da zafinta.

"Ina hannun mai gidan nan!"

Wuƙaƙe suka tsaya a sama. A ƙasar Lezgi wanda ya kama sarƙar murhu ya zama baƙon gida, ko da shi ya kashe ɗan gidan. Ba mai taɓa shi, ba mai fitar da shi, sai da yardar mai murhu.

Selminaz ta sauko, ta ture samarin da sanda, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi Bek sama da ƙasa. "Kai ne ɗan Han? Ashe ƙarami ne. Saki sarƙar kada ka ƙone, na ji ka." Ta yage gefen bargonta ta jefa masa. "Ɗaure ƙafar."

Da yake ba a iya kai baƙon kim, kim ne ya sauko wurinsa. Bayan azahar dattawa suka jeru a kan tarin duwatsu a ƙofar Selminaz, mata kuma suka cika bakin rufin sama, ba wanda ya ce su koma ciki.

Pirmet ya fara magana, fuskarsa tana sheƙi. "Ya jama'ar Ƙwanhur, Allah ya sa mana ɗan Han tilo a hannu. Abin da kakanninmu suka nema ba su samu ba, yau za mu samu. Za mu aika wa Mirzabala cewa fansar ɗansa ita ce filayen hunturu, su zama namu har abada, ba haraji ba roƙo. Jikokin jikokinmu za su yi mana addu'a."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Nurali ma ya ce magana ce mai nauyi, don wanda ya taɓa ganin tumaki suna mutuwa a ƙanƙara ba ya mantawa.

"Mutanen fa?" in ji Selminaz.

"Hala, abu biyu ba sa samuwa a ciniki ɗaya. Han zai ba da fili ko mutane, ba zai ba da duka ba. In muka riƙe filin, sannu a hankali za mu..."

"Hunturu ɗaya, ko? Na taɓa jin wannan waƙar. Girbi ya kusa, jirage suna hanya. Baƙona ne. Ba zai fita ƙofar nan ba sai ranar da na ga Tawat ta shigo ta cikinta, da duk wanda aka saukar yana da sauran numfashi."

Pirmet ya juya ga Alƙali, ya buɗe hannuwa. "Allah ya ƙara wa Alƙali ilimi. Al'adar sarƙa ta gida ce. Ku duba da idonku. Wannan gida ne? Ba rufi, bango rabi. Kango ne, kango kuwa na gari ne, abin da ya faɗa cikinsa na gari ne."

Wasu suka ce haka ne. Selminaz ta bari suka gama, sannan ta taka har gabansa, kusa yadda sai da ya ja kai baya.

"Sake faɗa da ƙarfi, mata na sama ba su ji ba. Ka ce kango ne. Alƙali, ni ban yi karatu ba, amma ina nan ranar da mutumin nan ya dafa dutsen rantsuwa ya ce gidana zai tsaya har in dawo. Na dawo. In kango ne, wa ya mayar da shi kango? Me ake yi wa wanda ya karya rantsuwar kim?"

Alƙali ya shafa gemu. "A yaye rufin gidansa, ya bar gari shi da zuriyarsa."

"To. Ba shi kaɗai ba ne kuma, duk sahu na biyu sun dafa dutsen nan a bayansa, ina kallo." Ta bi dattawan da ido ɗaya bayan ɗaya, masu gyaɗa kai suka daina. "Zaɓi, Pirmet. In gida ne, baƙon nawa ne. In kango ne, a kawo tsani a fara da rufinka."

Iska ta kaɗa sarƙar, ta yi 'yar ƙara. Daga sama aka ji muryar Zarbaf a sarari: "Ni dai gurasa na kawo gidan nan, ban kai kango ba."

Alƙali ya tashi, ya sunkuya ya shiga ƙofar mai cijewa. Ya tsuguna ya tona toka da yatsa, ya janye da sauri. Ya fito. "Wuta tana ci, sarƙa tana rataye, mai murhu tana tsaye. Amma Mai Gari ne ya ta da maganar, shi zai rufe ta da bakinsa."

Pirmet ya dubi Yarali, Yarali yana goge takobinsa bai ɗago ba. Ya dubi dattawan sahu na biyu, kowa yana kallon ƙafarsa. Ya juya ga Alƙali.

"Gida ne."

Nan take Alƙali ya kira mahaya biyu. Ya ce su sauka wurin Han Mirzabala su gaya masa ɗansa yana raye, yana baƙunci a gidan wata mata a Ƙwanhur, kuma zai sauko ranar da mutanen sahun ƙasa suka ƙetare gadar Samur, babba da yaro. Bek ya cire zobensa ya ba su shaida. Maganar hunturu kuwa, in ji Alƙali, gari zai nemi mafita da guminsa, ko da za a yanka rabin garke a shanya nama. Mata suka fara guɗa, wasu suna kuka, wata ta ce a je a sare azara tun yau.

Pirmet ya juya zai hau gida. Sandar Selminaz ta tare masa hanya.

"Ina za ka? Ban gama ba."

"Hala, kin samu abin da kike so."

"Na samu masu rai, in Allah ya kawo su. Dutsena yana can ƙasan kwari inda ya tsaya. Da bayanka za ka hawo da shi, kai, ba baranka ba, ka kuma daɓe rufin nan da hannunka har ya daina ɗiga. Wannan mai sauƙi ne." Ta dogara da sandarta. "Amma Balamet ba ya cikin masu ƙetare gada. Nawruz ba ya ciki. Mijin 'yata ba ya ciki, da jaririn gidan maƙeri, da Alisker makaho da ya mutu yana tambaya ko an fara ganin Shalbuz. Suna kwance a ƙasa mai wari, ba wanda zai ba da zobe a kawo su. Alƙali, kada ka tashi. Dattawa, kada wanda ya motsa. Ranar da Tawat za ta shigo ƙofar nan za ta tambaye ni wa ya ce hunturu ɗaya, kuma ni ba zan amsa mata ba. Pirmet, ga kim ya sauko har ƙofata, ga gari duka yana ji. Tsaya nan inda rufina yake a da, ka kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ka gaya mana tumaki nawa kowannensu ya tsirar maka. Buɗe baki ka amsa."